Wa Zai Kiwata Mana Damo?

Ina yaro a Tambuwal, damina ba ta wucewa ba mu ga damo a gonar gero ba. Bara na yi kwana uku a dajin Kebbe, fatarsa kawai na gani a hannun wani maharbi. Ƙunar daji da karnukan farauta sun ci ƙarfin sarkin haƙuri, alhali shi ke rage mana fara da kunamu.

A Gana da Togo, matan damo masu ƙwai ake kamowa, a ƙyanƙyashe, a sayar da 'ya'yan zuwa Amurka. Ni ban kira wannan kiwo ba, domin har yanzu daji ake tatsa. Roƙona ga masananmu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo shi ne su killace mace da namiji su hayayyafa, dukawa su sami fata, damon Kebbe ya sarara.