Gudawar ƙaramin kare: abin da ke aiki da abin da ke kashewa

Duk wanda ya ajiye ƙaramin kare irin Lhasa Apso ko Chihuahua ya san cewa ranar da ya fara zawo, masu ba da shawara ba sa ƙarewa. Wannan ya ce a ba shi madara, wancan ya ce manja, wani ya rantse da tafarnuwa. Ba duka ne ƙarya ba, amma kusan dukansu sun manta da sikeli. Karen da bai wuce kilo 3 ba, ruwan da jikinsa ke buƙata a yini bai kai rabin ledar fiya wata ba, don haka amai da gudawar sa'o'i kaɗan sun isa su tsotse shi. Abin da ƙaton kare mai kilo 30 zai shanye ya miƙe, shi zai iya kwantar da ƙaramin. Da wannan ma'aunin ya kamata a auna kowace shawara.

Maganar dafaffiyar shinkafa da naman kaza gaskiya ce, likitocin dabbobi ma suna ba da ita. Sharaɗin shi ne a cire fata da ƙashi, a dafa da ruwa zalla ba mai ba gishiri ba magi, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan sau huɗu ko biyar a yini, sannan a mayar da shi kan abincinsa a hankali cikin kwana biyu zuwa uku. Dafaffiyar kabewa, kamar ƙaramin cokali ɗaya, tana taimakawa wajen ɗaure kashi saboda harzar da ke cikinta. Sai dai wannan abinci hutu ne ga ciki, ba ya kashe tsutsa ko ƙwayar cuta, kuma bai da sinadaran da za a dogara da shi na makonni. Shawarar a hana shi abinci yini guda kuwa rabin gaskiya ce. Babban kare mai ƙarfi zai jure, amma ɗan kwikwiyo da ƙananan jinsuna sukarin jininsu kan faɗi da sauri, har ya kai ga rawar jiki da suma. Ruwa kam ba a hana shi ko da wane dalili.

Tafarnuwa ce ta fi kowacce shahara, wai tana kashe tsutsar ciki. Ba ta yi. Ita da albasa suna ɗauke da sinadaran da ke fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, dahuwa kuma ba ta kawar da su. Albasar da ta kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari na nauyin jikinsa tana iya yin illa, wato giram 15 ga kare mai kilo 3, abin da bai fi ɗan yankin da ake watsawa a kan tsire ba. Abin da ke ruɗin mutane shi ne illar ba ta bayyana nan take. Sai bayan kwanaki a ga dasashinsa ya yi fari, fitsarinsa ya yi ja, a lokacin kuma an manta da sauran miyar da aka juye masa. Madara ma haka: yawancin karnuka da zarar sun bar nono, ƙarfin narkar da sukarin madara yana raguwa a hanjinsu, shi ya sa take ƙara zawon maimakon ta tsayar da shi. Manja da ake ɗura wa dabba idan ana zargin ta ci guba ba ya karya guba. Yana iya sarƙe shi ya shiga huhu, maiƙon kuma yana iya tayar da kumburin fankiriyas, ciwon da ƙananan jinsuna irin su Miniature Schnauzer da Yorkshire Terrier suka fi saurin kamuwa da shi. Ruwan gishiri don tilasta amai shi kansa guba ne. Magungunan mutane sun fi duka haɗari: ibuprofen yana ƙwarzane ciki ya lalata ƙoda, Flagyl kuma, wanda likita kan rubuta wa kare a kan awo, idan ya yi yawa yana taɓa ƙwaƙwalwa har kare ya riƙa tangaɗi.

Za a ce ai karnukan farauta da na ƙauye suna cin komai, ƙashi da ragowar tuwo, ga su nan garau. Waɗanda muke gani su ne waɗanda suka rayu, ba wanda ya ƙirga 'yan kwikwiyon da suka mutu a bayan danga, kuma jikin karnukan ƙauyen ya ninka na Chihuahua sau da yawa. Za a kuma ce kare ya san maganinsa, tunda yana cin ciyawa ya yi amai. Binciken da aka wallafa a 2008 daga Jami'ar California da ke Davis ya nuna cewa ƙalilan ne ke nuna rashin lafiya kafin su ci ciyawa, kuma waɗanda ke yin amai bayan sun ci ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne tsadar asibiti, kuma ba a raina shi. Amsar ita ce sanin iyakar jinyar gida. Idan kare balagagge ne, an yi masa rigakafi, yana shan ruwa, yana kaɗa wutsiya, a gwada shinkafa da kaza na yini ɗaya. Idan kuwa akwai jini a kashi, ko amai ya ƙi tsayawa, ko an ja fatar wuyansa ta ƙi komawa, ko ɗan kwikwiyo ne da bai kai wata shida ba, to sai likita a ranar. A ɗan kwikwiyo, zawo mai jini da wari sau da yawa cutar parvo ce, wadda ta bazu a duniya tun 1978, ƙwayarta kuma tana iya yin watanni a ƙasan tsakar gida. Babu abin da ke cikin kicin da ke maganinta. Ƙarin ruwa ta jijiya ne ke ceton kwikwiyo, allurar rigakafin da ake farawa yana da mako shida zuwa takwas kuma ba ta kai kuɗin jinyarsa ba.