Wutar da ba ka ji ba, ita ke kashe kwamfuta

 A shirinmu na fasaha na wannan mako mun ɗauki tambayar da matasa masu haɗa kwamfuta a Nima da Maamobi suka yi ta aiko mana: mutum ya je Circle, ya shiga Tip Toe Lane, ya zuba sidinsa ya sayo madabod da ram, an gwada a gabansa suna aiki, ya zo gida ya haɗa, shiru. Ya koma shago, mai kaya ya ce lafiya lau ya ba shi. Rigima ta tashi, kuɗi ya tafi. To, sau da yawa ba mai kaya ne ya cuce ka ba, hannunka ne.

Ga yadda abin yake. Idan abu biyu suka gogu, kamar rigar roba da kujerar roba, ko takalmi da kafet, lantarki na taruwa a jikin mutum. Shi ne wanda wani lokaci ka taɓa ƙofar mota ka ji "tsit". Kafin jiki ya ji wannan tsit ɗin, sai wutar ta kai wajen bolt 3,000. Amma wasu ƙananan sassan kwamfuta, abin da bai kai bolt 100 ba ma yana iya ƙona su, domin hanyoyin wutar da ke cikinsu sun fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba. Kenan kana iya kashe ram ba ka ji komai ba, ba ka ga hayaƙi ba. Mafi ban haushi, wani lokaci ba ya mutuwa nan take: rauni yake yi, sai bayan makonni kwamfuta ta fara kashe kanta, ka ɗora wa ECG laifi.

Me ya sa muke wannan magana yanzu? Saboda hunturu. Yawancin shekara iskar Accra na da laima ta bakin teku, laimar kuma tana zuƙe wutar tun ba ta taru ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu iska ta bushe, wutar ta samu wurin zama. Tafiya a kan kafet cikin iska mai laima na iya tara bolt 1,500, a busasshiyar iska ƙwarai kuwa har 35,000. Masu jinmu a Tamale da Bawku da Wagadugu da Yamai, naku bushewar ta fi tamu, sai ku fi mu kula. Shago mai na'urar sanyaya ɗaki ma iskarsa busasshiya ce.

To, mene ne abin yi?

Na farko, zare filogi daga bango gaba ɗaya, ka danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu, ragowar wuta ta fita. Wannan don ranka ne: wutar bango bolt 230 ce, kuma gidajen haya da yawa a zango ba su da wayar da ke sauke wuta ƙasa.

Na biyu, kafin ka ɗauki kowane sashi, taɓa ƙarfen akwatin kwamfutar inda babu fenti. Ka tashi ka amsa waya, ka dawo? Sake taɓawa. In da hali, sayi abin ɗaurawa a wuyan hannu mai igiya da ɗan maƙali, ka maƙala shi a wannan ƙarfen. Ya taɓa fata, ba saman hannun riga ba.

Na uku, wurin aiki. Teburin katako a kan siminti ko tayil. Ban da katifa, ban da darduma, ban da kujerar roba. Sa rigar auduga, jallabiyar roba a rataye ta sai an gama.

Na huɗu, riƙo. Ram da madabod da furosesa, a gefe ake kama su, kamar yadda kake riƙe hoto don kada yatsa ya ɓata shi. Kada ka taɓa haƙoran nan masu ruwan zinariya. A bar kaya cikin ledarsu mai ruwan azurfa sai lokacin sakawa. In na hannu ne ka saya babu leda, roƙi mai shago ya ba ka irinta. Baƙar ledar kasuwa ita kanta tara wuta take yi.

Sai ƙurar hunturu. Kada ka goge madabod da tsumma ko burushin roba, hura masa iska kawai. Akwatin da ke raba wa kwamfuta wuta kuma, kada ka kwance shi ko kaɗan, yana riƙe wuta mai haɗari ko bayan an zare filogi.

Iyayen gida masu koyar da yara gyara, don Allah a fara da wannan darasi kafin a miƙa wa yaro sukuddireba. Masu tambaya su ci gaba da aikowa, mako mai zuwa za mu duba abin da ɗaukewar wuta da dawowarta ke yi wa kwamfuta. Mu kwana lafiya.