Katin mutuwa da ke yawo a wayoyinmu: daga ina ya fito?

'Yar'uwa, in kina cikin masu leƙa TikTok ko Facebook da daddare bayan yara sun yi barci, da wuya a ce ba ki taɓa cin karo da irin bidiyon nan ba. Wata mata ta baje katuna masu hotuna a kan tebur, ta ce duk wadda bidiyon ya iske, saƙon nata ne. Sai ta juya kati ɗaya, ga ƙwarangwal a kan doki. Kin san malamanmu sun hana duba, kin kuma wuce da sauri, amma gabanki ya riga ya faɗi, balle in kina da juna biyu ko ɗanki na kwance.

Sunan katunan tarot, kuma tun farko ba don duba aka yi su ba. Karta ce ta wasa. Karta ta shiga Turai daga ƙasashen Musulmi, musamman Masar, wajen shekarun 1370. Zuwa shekarun 1440, masu sarauta a biranen Milan da Ferrara na Italiya suka sa aka ƙara mata katuna masu zane: sarki, Fafaroma, rana, wata, da mutuwa. Cikakken tarot kati 78 ne, 22 daga ciki su ne manya, na mutuwa shi ne na 13.

Me ya kai mutuwa cikin wasa? Tsakanin 1347 da 1351 annoba ta kashe aƙalla kashi ɗaya cikin uku na mutanen Turai, ta kuma yi ta dawowa. Daga baya masu zane suka riƙa zana ƙwarangwal a bangon coci da maƙabarta yana jan sarki da talaka a layi ɗaya. Tunatarwa ce, irin wadda muke karantawa a bayan manyan motoci cewa duniya ba wurin zama ba ce.

Sai da aka shafe fiye da shekara 300 ana wasa da su kafin wani Bafaranshe, Antoine Court de Gébelin, ya rubuta a 1781 cewa katunan na ɗauke da sirrin Masar ta Fir'auna. A lokacin babu mai iya karanta rubutun mutanen Fir'auna, sai a 1822 aka fara warware shi. Ƙirƙira ya yi, 'yan duba kuma suka samu kasuwa.

Hoton da kika fi gani a waya an buga shi a Landan a 1909, wata mai zane Pamela Colman Smith ce ta zana. Ƙwarangwal ne sanye da baƙin sulke a kan farin doki, riƙe da baƙar tuta mai farar fure, sarki na kwance a ƙasa, can nesa ga rana tsakanin hasumiya biyu. Masu duba na yau su da kansu suna cewa katin ba mutuwar jiki yake nufi ba, wai ƙarshen wani abu ne da farkon wani. Ni dai wannan fassarar dariya take ba ni. Wace mace ce ba ta da abin da ke ƙarewa a rayuwarta? Wata yaye take yi, wata tashi daga gidan haya, wata 'yarta za ta aurar. Rigar da aka ɗinka don ta shiga kowa ce.

Kartar da aka saba wasa da ita ma an laƙaba mata nata. Baƙin katin nan mai alama ɗaya tak kamar kan mashi, shi ake kira katin mutuwa. A yaƙin Vietnam, a 1966, wani kamfanin karta na Amurka ya aika wa sojoji kwalaye cike da wannan kati kaɗai, suna watsa shi don tsorata abokan gaba.

Yi lissafi da kanki. In aka zaro kati 10 daga cikin 78, katin mutuwa zai fito kusan sau ɗaya a duk zama takwas. Mai bidiyon kuwa ita ke zaɓar wanda za ta ɗora, kuma ta san ƙwarangwal ya fi tsayar da yatsa. Kin tsaya kin kalla, gobe manhajar ta ƙaro miki wani.

Abin da ya dame ni a matsayina na ma'aikaciyar jinya shi ne tsoron, domin shi na gaske ne. Yana hana barci, yana hana cin abinci, ga bugun zuciya. Mafi muni, mace ta sa a ranta cewa an riga an gama, ta ƙi zuwa awo, ko ta kwashe kuɗin magani ta kai wa mai karya abin da aka gani. In 'yarki budurwa ce ta nuna miki irin wannan bidiyon a tsorace, kada ki fara da faɗa, ba ta labarin wasan Italiya, ku toshe shafin tare.

Alamomin da ya kamata su tayar miki da hankali a jiki suke. Ga mai ciki: zubar jini, ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani, kumburin fuska da hannu, ko motsin jariri ya ragu. Ga yaro: jijjiga, kasa shan nono ko ruwa, amai da duk abin da ya ci, numfashi da sauri har ƙirji na lotsawa, ko barcin da ake kasa tashinsa. Ko ɗaya kika gani, a nemi abin hawa a nufi asibiti, ko da ƙarfe 2 na dare ne.