Tsofaffin Gidajen Marrakesh: Wa Ya Saya, Wa Ya Tashi

A cikin ganuwar Marrakesh, wadda tsawonta ya kai kimanin kilomita 19, akwai gidajen da mai wucewa ba zai yi musu kallo biyu ba. Jan bango ne ba taga, sai ƙaramar ƙofa a ƙuryar lungu. Sai an bi ta zaure mai lanƙwasa sannan a faɗa tsakar gida, a tarar da itatuwan lemo, da ruwa na ɓuɓɓugowa a tsakiya, da dogayen ɗakuna suna fuskantar juna. Irin wannan gida mai lambu a cikinsa shi ne riyad. Shekara talatin da suka wuce da yawansu sun gaji, iyalai huɗu ko biyar na cunkushe a gida guda. Yau ɗaruruwansu na hannun Faransawa da Turawan Ingila da mutanen Italiya da Beljiyam, da kuma attajiran Maroko da suka waiwayo daga baya. Abin mamakin shi ne, kaɗan ne daga cikin masu sayen suke zaune a gidajen da suka saya. Yawancin gidajen sun zama masaukin baƙi, kuma hakan bai faru don son zuciyar kowa kaɗai ba.

Kafin a tambayi dalilin da ya sa baƙi suka saya, sai a tambayi dalilin da ya sa masu gida suka bari. Lokacin da Faransa ta karɓi ragamar Maroko a 1912, babban wakilinta Lyautey ya ƙi yarda a rushe tsofaffin birane. Sai ya sa aka gina sababbin unguwanni a wajen ganuwa, irin Geliz a Marrakesh, masu faɗin titi da famfo da lantarki. Tsohon birni ya tsira daga gatari, amma an bar shi a baya. Da aka sami 'yanci a 1956 Turawa suka fara tattara kayansu, manyan gidajen gari suka koma inda Turawan suka bari, wasu suka wuce Kasablanka da Rabat, inda kasuwa da mulki suka koma. Mai mota ba ya son gidan da mota ba ta isa ƙofarsa. Mutanen ƙauye da fari da neman abinci suka koro su ne suka cike gurbin. Aka rarraba gida ɗaki-ɗaki ana haya, aka ja bango a tsakar gida, aka sare itatuwa. Mai haya ba ya gyara rufi, mai gida da ke Kasablanka kuwa kuɗin hayar bai isa ya taso shi ba.

Baƙin farko ƙalilan ne, masu kuɗi da masu zane. Yves Saint Laurent, shahararren mai tsara tufafi, da abokinsa Pierre Bergé sun zo garin a 1966 suka sayi gida cikin birni, daga baya a 1980 suka sayi lambun Majorelle. Marubucin nan ɗan Sifaniya, Juan Goytisolo, ya zauna kusa da dandalin Jami'ul Fana har ya rasu a 2017. A 1985 hukumar UNESCO ta sanya tsohon birnin cikin wuraren tarihi na duniya. Duk wannan suna ya jawo wa garin, bai jawo rububi ba. Rububin ya zo ne a ƙarshen shekarun 1990, kuma masu nazarin lamarin sukan ambaci wani shiri da tashar talabijin ta M6 ta Faransa ta nuna a 1998, wanda ya sanar da ma'aikacin albashi cewa da kuɗin ɗan ƙaramin ɗaki a Paris zai iya mallakar gidan da ya yi kama da fada. Gwamnati ta ƙara wa wutar mai: a 2001 ta ɗaura aniyar kai yawan masu yawon buɗe ido miliyan 10 kafin 2010, a ƙarshen 2006 kuma ta sa hannu kan yarjejeniyar buɗe sararin sama da Tarayyar Turai, jiragen Ryanair da easyJet masu arha suka fara sauka. Daga Paris tafiyar awa uku ce da 'yan mintoci. Doka ma ba ta hana: baƙo ba ya sayen gona a Maroko, amma yana sayen gida a cikin gari.

A ɓangaren masu sayarwa kuwa, babban abin da ke ingiza cinikin shi ne gado, kuma ana yawan tsallake shi a labarin. Gidan da kaka ya bari tun shekarun 1950, ba a raba ba, yau yana iya zama na magada ashirin ko talatin, wani a Kasablanka, wani a Faransa, wata gwauruwa na zaune a ɗaki guda a cikinsa. Ba a yanka riyad kashi talatin. Ba kuma wanda zai fitar da kuɗin gyaran rufin da kasonsa a ciki bai wuce taku biyu ba. Idan dillali ya zo da Bature mai biya nan take, ya kawo musu hanya ɗaya tilo da kowa zai karɓi haƙƙinsa a hannu ba tare da an je gaban alƙali ba. Da yawa sun sayar da murna, sun sayi sabon gida mai bene a unguwannin bayan gari irin Massira da Mahamid, ko a sabon garin Tamansurt. Wanda ya ce duk korar su aka yi bai faɗi gaskiya ba. Wanda aka kora shi ne mai haya, wanda ba shi da kaso a kuɗin, ba shi da ta cewa a cinikin.

Sayen kansa ba wasa ba ne. Gidaje da yawa a cikin birni ba su da takardar ofishin rajistar filaye, tsarin da aka kafa tun 1913. Abin da suke da shi shi ne milkiyya, takardar da adulai, wato shaidun kotu, suke rubutawa bisa shaidar mutane cewa gidan na wane ne. Dole mai saye ya tabbata kowane magaji ya sa hannu ko ya wakilta. Ɗan'uwan da aka manta da shi yana iya fitowa daga baya, kuma wanda ya karanta fiƙihun Malikiyya ya san shuf'a: abokin tarayya yana da ikon biyan kuɗin da aka biya ya karɓe kason da aka sayar wa bare. Wani gidan kuma ginin ne kawai na mai shi, ƙasar ta hubusi ce, wato waƙafi, ba ta sayuwa. Wani ɗakin saman gidanka yana bisa zauren maƙwabci, na maƙwabci yana bisa naka. Mayar da milkiyya cikakkiyar takardar rajista yana buƙatar awo da sanarwa da jiran masu ƙorafi, abin da kan ɗauki shekaru. Shi ya sa gida mai rajista ya fi tsada nesa ba kusa ba.

Bayan an karɓi mabuɗi ne ake sanin me aka saya. Gida ne a yankin da doka ta kare, don haka ba a ƙara hawa, ko a fasa babbar taga waje, ko a canza fuskar bango sai da izinin hukumar tsara birni da ta masu kula da kayan tarihi. Babbar mota ba ta shiga lungu, duk buhun yashi da za a shigar da duk ɓaraguzan da za a fitar sai a kan jaki ko amalanke. Bangon na ƙasa ne da tubali da farar ƙasa, yana shan danshi daga ƙasa yana fitarwa. Wanda ya yi gaggawa ya shafe shi da siminti ya kulle danshin a ciki, bayan 'yan shekaru fenti ya kumbura, bango ya fara ruɓewa daga gindi. Gyara na gaskiya aikin ma'allam ne, babban magini. Idan zai yi tadalakt, sai ya shafa kwaɓin farar ƙasar da aka ƙona, ya bari ta ɗan sha iska, ya danne ta, sannan ya ɗauki ɗan dutse mai santsi da bai cika tafin hannu ba ya yi ta murzawa yana zagayawa, taƙi bayan taƙi, a ƙarshe ya goga baƙin sabulun man zaitun, wanda ke sa bango ya yi sheƙi ruwa ya riƙa zamewa a kansa. Aikin da laso ke yi a soron magabatan Kano ke nan, kuma kamar laso, yana son a riƙa komawa kansa. Ga zallij, ƙananan tayil masu launi da ake sarewa ɗaya-ɗaya da guduma, ga sassaƙar filasta, ga katakon al'ul na dutsen Atlas. Da rani zafi kan wuce digiri 40, da hunturu kuma tsakar gidan da ba rufi sanyi ne mai shiga ƙashi.

A nan lissafi ke juyewa. Mutumin da ya saya don ya zo hutun wata biyu a shekara sai ya ga gidan yana cin kuɗi wata goma sha biyu: mai gadi, mai shara, gyaran da ba ya ƙarewa. Sai ya fara ba da ɗaki biyu haya. Daga nan sai lasisin masauki, sai banɗaki a kowane ɗaki, sai na'urar sanyaya ɗaki, sai ɗan tafkin wanka a inda lambu yake, sai talla a shafukan intanet na Booking da Airbnb. A ganina wannan shi ne ƙashin bayan lamarin. Dokar kariya ta ɗora wa mai gida nauyin adana tarihi, ba ta ba shi abin ɗauka ba, saboda haka gidan da ke tsayawa da ƙafarsa shi ne mai kawo kuɗi kullum. Iyali masu albashin malamin makaranta ba za su iya ba, Baturen ma sau da yawa ba ya iyawa sai da baƙi masu biya.

Alherin da aka samu ba ƙarami ba ne, kuma rashin adalci ne a raina shi. Gidajen da da sun zube sun miƙe. Sana'o'in da suka kusa mutuwa sun farfaɗo, har tadalakt ya zama abin ado a ɗakunan wanka na Turai. Dubban matasa sun sami aikin girki da shara da rakiya da tuƙi. Amma gyaran ba duka ne adana tarihi ba. Wasu sun rushe cikin gida ƙurmus sun zuba kankare, sun bar bangon waje don idon hukuma, sun ƙawata ciki da irin Marokon da baƙo ke mafarki. Tafkunan wanka kuwa sun yawaita a yankin da ya yi shekaru a jere yana fama da fari, ruwan ƙarƙashin ƙasa na ta ja da baya.

Asarar da ta fi zurfi ba a bango take ba. Kowace unguwa a tsohon birni tana da masallaci, da gidan wanka, da famfon unguwa, da makarantar allo, da gidan gashin burodi inda yara ke kai kwaɓin gidansu a kan faranti da safe, an rufe da ƙyalle, mai gashi kuma ya san na kowane gida ba tare da an rubuta ba. Waɗannan duka da yawan iyalai suke rayuwa. Idan lungu mai gida ashirin ya koma masauki goma, mai gashin ya rasa rabin kwastomominsa, mai kayan miya ya koma sayar da fitilun ado. Sai kuma rikicin saman soro. A al'adar garin can ne wurin mata, inda suke shanya da hira da maƙwabta ba mayafi. Baƙo kuwa can yake son cin abincin safe da shan rana da ɗaukar hoto, yana kallon tsakar gidan mutane daga sama. Matar da ta daina hawa soronta ba ta shiga cikin kowace ƙididdiga, amma irin wannan takura ce kan sa iyalin da suka ƙi sayarwa jiya su kira dillali yau. Mai sayen da ya biya kuɗi don ya zauna cikin unguwa mai rai, sayensa ne ke rage mata ran.

Arzikin kuma a kan tafiyar jirgi yake rataye. Durƙushewar tattalin arzikin duniya a 2008 ta tsayar da ciniki. Harin bam a gidan shan shayi na Argana a watan Afrilun 2011, wanda ya kashe mutum 17, ya kori baƙi na ɗan lokaci. Annobar korona a 2020 ta rufe iyakoki, ma'aikatan masaukai suka zauna a gida. Girgizar ƙasar 8 ga Satumban 2023, wadda ta hallaka kusan mutum 3,000, yawancinsu a ƙauyukan Atlas, ta tsattsage gidaje a tsohon birnin, ɓarnar ta fi muni a unguwannin talakawa irin Mallah, inda gine-gine suka daɗe ba gyara. Duk da haka kasuwar ta dawo da ƙarfi: a 2024 Maroko ta karɓi baƙi miliyan 17.4, ga kuma gasar cin kofin duniya ta 2030 da za ta shirya tare da Sifaniya da Fotugal.

Birnin Fas, wanda ya riga Marrakesh shiga jerin UNESCO tun 1981, ya nuna ɗaya fuskar. Lungunansa sun fi ƙunci da gangara, baƙi masu saye ba su kai na Marrakesh ba, unguwanni sun fi riƙe mutanensu. Masu ziyarar zawiyar Shehu Ahmad Tijjani daga Najeriya da Nijar da Senegal sun san wannan, sun kuma ga katakan da aka tokare bangaye da su a lunguna don kada su faɗo kan masu wucewa. Tun 1989 aka kafa hukumar ADER-Fas don ceto gidajen da ke neman rushewa, aikin bai ƙare ba har yau. An kuma gwada wani tsari mai suna Ziyarat, inda iyali ke ci gaba da zama a gidansu, a taimaka musu su gyara ɗaki ɗaya ko biyu su sauki baƙo mai biya, ya ci abin da suke ci. Tsarin ya amsa ainihin matsalar, domin kuɗin baƙo na shiga bango ba tare da mai gida ya fita ba. Sai dai gidajen da ke cikinsa ƙalilan ne a birni mai dubban gidaje, kuma bai da abin da zai gaya wa magada talatin da kowannensu ke son kasonsa a hannu.