Akwatin Raba Saƙo: Yadda Za Ku Kare Shi Daga Zafi Da Sanyi



In kun shiga gidan waya, ko asibiti, ko wurin aika kuɗi, ku dubi bango. Sau da yawa za ku ga wani ɗan akwati mai ramuka a jere. Wayoyi suna shiga ramukan, ƙananan fitilu suna ƙyaftawa. Ma'aikata suna ce masa suwic. Aikinsa raba saƙo tsakanin kwamfutoci. Wannan ta aiko, shi kuma ya miƙa wa wadda aka nufa. Ran da ya tsaya, sai a ce muku: "Babu rezo, ku komo gobe."

Mi ke tsaida shi? Sau da yawa zafi ne.

Da digiri ake auna zafi. Ruwa yana daskarewa a digiri 0, yana tafasa a digiri 100. Jikin mutum mai lafiya digiri 37 ne. Yawancin suwic na buro an ƙera su don su yi aiki daga digiri 0 zuwa 40 ko 45. To, a Yamai da Tawa, cikin Afrilu da Mayu, zafin inuwa ma yakan wuce 40. Ɗakin kwano ya fi haka. Akwatin ƙarfe da ke cikin rana ya fi su duka. Ga shi kuma suwic yana fidda nasa zafi.

Zafi ba ya kashe shi rana ɗaya. Da farko yakan ɗauke, ya komo. Daga baya ya mutu. A cikinsa akwai wasu ƙananan gwangwanaye masu riƙe lantarki. Duk ƙarin digiri 10 yana rage rabin kwanansu. Ƙurar hunturu kuma tana toshe kafofin iska, zafi ya rasa hanyar fita.

Sanyi fa? A Bilma da duwatsun Ayar, daren Janairu yakan kai kusa da digiri 0. A Yakutsk, ƙasar Rasha, yakan kai digiri 40 ƙasa da 0. Muddin suwic yana aiki, ɗuminsa yana taimakonsa. Amma in wuta ta ɗauke ya huce, yana iya ƙin tashi. Batir ma ƙarfinsa yana raguwa cikin sanyi. Akwai kuma raɓa. In kun fidda suwic daga ɗaki mai sanyi zuwa wuri mai ɗumi da laima, ruwa yakan taru a cikinsa. Ruwa da lantarki ba su shiri.

Ga abin da za ku yi:

1. Kafin ku saya, ku karanta takardarsa. Ku nemi lambobi biyu masu alamar °C.
2. In waje za a kafa shi, ku nemi irin na masana'antu. Da yawansu suna jure daga 40 ƙasa da 0 har zuwa 75. Sun fi tsada, amma sun fi daɗewa.
3. Ku sa shi a inuwa, nesa da rufin kwano.
4. Ku bar masa fili ko'ina, iska ta ratsa. Kada ku rufe shi da zane. Kada ku aza masa takardu.
5. Ku cire shi daga wuta kafin ku kakkaɓe ƙura. Kada ku sa ruwa.
6. In ya fito daga sanyi, ku bari ya bushe tukuna, sannan ku kunna.
7. Ku rataye ma'aunin zafi kusa da shi. Ku rubuta lambar kullum da azahar.

Kun ga amfanin karatu. Wanda ya iya karanta lamba biyu ya tsirar da kuɗin jama'a.

Ku tattauna da malaminku a cibiya: ina aka ajiye suwic a garinku? Rana tana taɓa shi?

Sai mako mai zuwa. Mu kwana lafiya.