Waswasi da Maganinsa

Manomin Kaboji, a ƙasar Kontagora, wanda ya zuba taki da ƙarfinsa a gonar masara, sa'an nan ruwa ya ɗauke, ko kuwa labarin 'yan bindiga ya iso daga dazuzzukan maƙwabta, ya san tsawon dare idan zuciya ta shiga saƙa da warwara, tana raya masa cewa noman bana ya tashi a banza, kuma maƙwabcin da bai amsa sallama ba yana ƙullace da shi, har ladan ya kira asuba bai runtsa ba.

Malamai sun daɗe da bin diddigin wannan al'amari. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekarar 1111 miladiyya, ya keɓe littafi guda cikin Ihya'u Ulumiddin ga abubuwan al'ajabi na zuciya, inda ya bayyana cewa tunani hawa-hawa ne: da fari abin ya ɗarsu, sai rai ya karkata gare shi, sai zuciya ta yanke cewa ya kamata a aikata, daga ƙarshe a ƙulla azama, matakai biyu na farko kuwa ba a kama bawa da laifinsu, domin ba da zaɓinsa suka zo ba. A ganina wannan bushara ce babba, gama mutane da yawa, bayan azabar mugun tunani, sukan ƙara wa kansu azabar zaton imaninsu ya gurɓace.

Tun kafinsa Abu Zaidu Albalkhi, wanda ya rasu a 934, ya shawarci mutum ya tanadi kyawawan tunani lokacin da hankalinsa ke kwance, yadda magidanci kan cika rumbu da kaka saboda damina, domin wanda fargaba ta riga ta rufe ba ya iya ƙirƙiro hujja. Likitan Amurka Aaron Beck ya iso kusa da wannan ra'ayi wajen shekarun 1960: yakan sa mara lafiya ya rubuta abin da zuciyarsa ta raya, ya nemi dalilinsa, ya auna shi da zahiri.

Amma idan baƙin ciki ya yi makonni, barci da cin abinci suka gagara, har mutum ya fara ƙin rayuwarsa, to cuta ce ta kama shi, kuma wajibin 'yan'uwa ne, tare da addu'a, su kai shi ga likita, ko a Kontagora, ko asibitin tarayya na masu lalurar ƙwaƙwalwa da ke Barnawa a Kaduna.