Raino da Shayarwa a Birni: Koken Iyaye da Amsar 'Yan Siyasa

1.0 Gabatarwa

Kafin yaro ya shiga hannun malami, sai ya bi ta hannun uwa da sauran masu raino na tsawon shekaru. Irin kulawar da ya samu a wannan lokaci ita ce tubalin da makaranta take ɗora gini a kai. Wannan darasi zai yi bayani a kan yadda Bahaushe ya tsara raino da shayarwa, da yadda zaman birni ya sauya tsarin, da matakan da hukuma ta ɗauka, sannan da dalilan da suka sa iyaye suke kokawa. An ɗauki Badarawa a matsayin misali. Unguwa ce a Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Arewa, kusa da Malali da Unguwar Dosa, wadda ta tara ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu.

2.0 Ma'anar Raino da Shayarwa

Raino shi ne kula da ci da sha da tsafta da lafiyar yaro tun daga haihuwa har ya soma yi wa kansa wasu abubuwa. Shayarwa kuwa ita ce ba jariri nonon uwa daga haihuwa zuwa yaye. Akwai kuma abin da ma'aikatan lafiya suke kira shayarwa zalla, wato a ba jariri nono kaɗai, ba ruwa ba koko, sai dai magani idan likita ya rubuta. Tun shekarar 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da wata shida a matsayin wa'adin shayarwa zalla, daga nan a haɗa da abinci, a ci gaba da ba da nono har shekara biyu ko fiye. Wannan bai saɓa wa abin da Musulmi suka sani ba, domin aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu cikakku ga wanda yake son cika shayarwa, ta kuma ɗora wa uba nauyin ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita.

3.0 Tanadin Al'ada

Bahaushe bai taɓa barin mai jego ita kaɗai ba. A haihuwar fari, mace takan koma gidan iyayenta goyon ciki. Bayan ta sauka, sai a shiga wankan jego na kwana 40, ana dama mata kunun kanwa, ana ba ta nama da yaji, ana kuma ɗauke mata daka da girki. Idan ta yi arba'in ta koma aiki, akwai kaka da kishiya da 'yar raino masu karɓar goyo. Lokacin yaye kuma sai a kai yaro gidan kaka.

Ba dukkan al'adun ne suka dace da ilimin lafiya na yau ba. Misali, wasu sukan tatse dakashi, wato nonon farko, su zubar, alhali shi ne rigakafin farko na jariri. Haka kuma akan ba jariri ruwa ko bauri tun yana ɗan kwanaki. Duk da haka, al'ada ta tanadar wa mai shayarwa abubuwa uku: lokaci, da abinci, da mataimaki.

4.0 Sauyin da Birni ya Kawo

A unguwa irin Badarawa, magidanta da yawa 'yan haya ne, daga miji sai mata sai 'ya'ya a ɗaki ɗaya ko biyu. Kaka tana can garinsu. Yarinyar da a da za ta yi raino yanzu tana aji, kuma nan ne muhallinta. Ga shi kuma tsadar rayuwa ta sa samun mutum ɗaya ba ya riƙe gida, musamman bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, wanda ya biyo da hauhawar farashin abinci da ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024. Saboda haka mata da dama suna fita koyarwa ko ɗinki ko saye da sayarwa. Ke nan abubuwa ukun nan da al'ada ta tanada sun raunana, sai ido ya koma kan hukuma.

5.0 Matakan Hukuma

Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ya ba ma'aikaciya hutun haihuwa na mako 12, shida kafin haihuwa, shida bayanta, tare da aƙalla rabin albashi idan ta kai wata shida tana aikin. Ya kuma ba ta rabin sa'a sau biyu a rana domin shayarwa. Wannan bai kai mako 14 da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta gindaya a yarjejeniyarta ta shekarar 2000 ba.

Wasu jihohi sun yi gaba. Legas ta ba ma'aikatanta mata hutun wata shida a 2014. A 2019, gwamnan Jihar Kaduna na lokacin, Malam Nasiru El-Rufa'i, ya ba da sanarwar irin wannan hutu ga ma'aikatan jihar mata. A 2021 kuma Gwamnatin Tarayya ta amince da hutun kwana 14 ga ma'aikatanta maza waɗanda aka yi wa haihuwa. Bayan waɗannan, akwai Makon Shayarwa na Duniya da ake yi daga 1 zuwa 7 ga Agusta kowace shekara, inda manyan jami'ai da matan shugabanni suke yin jawabai.

6.0 Tushen Koken Iyaye

Tun da an ɗauki waɗannan matakai, me ya sa iyaye suke kuka? Ana iya kasa dalilan gida huɗu.

Na farko, hutun wata shida bai shafi kowa ba. Harkar ƙwadago tana cikin abubuwan da tsarin mulki ya keɓe wa Majalisar Tarayya, don haka gwamna yana iya kyautata wa ma'aikatan gwamnatinsa, amma ba shi da ikon sauya dokar da ta shafi kamfanoni. Malamai biyu suna iya zama a layi ɗaya a Badarawa, su haihu a mako ɗaya, mai aikin gwamnatin jiha ta sami wata shida, mai koyarwa a makarantar kuɗi kuwa mako 12 ne iyakar abin da doka ta ba ta. Ita kuwa mai tuyar ƙosai ko mai ɗinki ba ta da hutu ko na kwana ɗaya, domin ranar da ba ta yi sana'a ba babu kuɗin shiga. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2023 sun nuna cewa fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki a Nijeriya suna cikin irin waɗannan ayyuka marasa tsarin ofis.

Na biyu, yawancin amsar da iyaye suke samu wayar da kai ce. Wayar da kai tana da amfani ga wadda ba ta sani ba. Amma wadda ta sani, abin da ya hana ta shi ne rashin lokaci da ƙarancin abinci, ba jawabi take buƙata ba. Masu iya magana sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na uku, babu isassun wuraren raino. Dokar Ƙwadago ta ba da rabin sa'a, amma ba ta wajabta wa mai ɗaukar aiki tanadar ɗakin raino ba. Uwar da ta baro jaririnta a Badarawa ta tafi aiki tsakiyar gari ba za ta je ta dawo cikin rabin sa'a ba. Gidajen raino na kuɗi kuwa sai mai hali.

Na huɗu, magana takan tashi ne lokacin zaɓe ko lokacin biki, sannan ta kwanta. Alkawari kaya ne, kuma ma'auninsa shi ne sakamako. Binciken lafiya na ƙasa ya nuna cewa jariran da ake shayarwa zalla sun ƙaru daga kashi 17 cikin ɗari a 2013 zuwa kashi 29 a 2018, amma binciken 2023 zuwa 2024 ya sake samun kashi 29. Burin da Majalisar Lafiya ta Duniya ta sa a 2012 shi ne kashi 50 kafin ƙarshen 2025.

Ya kamata a yi adalci a nan. Hukuma tana da buƙatu masu yawa a gabanta, kuma hutun wata shida ci gaba ne na haƙiƙa. Haka kuma akwai nauyin da yake kan miji da dangi wanda babu gwamnatin da za ta ɗauke musu. Abin da iyaye suke ƙorafi a kai shi ne an ɗora wa uwa umarni, ba a ba ta abin cika shi ba.

7.0 Dangantakar Batun da Aikin Malami

Dokar Ilimin Bai-ɗaya ta 2004 ta sanya kula da ƙananan yara da ilmantar da su cikin ilimin tushe. Malami shi ne yake ganin sakamakon raino a aji: yaron da tamowa ta tauye yakan yi jinkirin fahimta, yarinyar da aka tsare a gida domin goyon ƙane kuma takan yi fashi. Malamin da ya san tushen matsalar ba zai yi gaggawar zargin uwa da sakaci ba. Zai iya kuma tayar da batun a taron iyaye da malamai ko a kwamitin gudanar da makaranta, inda ake iya neman a keɓe ɗaki ɗaya domin malamai masu goyo.

8.0 Kammalawa

An ga cewa al'ada ta tanadar wa mai shayarwa lokaci da abinci da mataimaki, zaman birni ya raunana su, matakan hukuma kuma sun fi amfanar masu albashin gwamnati. Da waɗannan abubuwa uku ne ya dace a auna kowane alkawari da ɗan siyasa zai yi a kan raino: wanne daga ciki zai samar, ga wa, kuma yaushe?

Tambayoyi

1. Bambanta tsakanin raino da shayarwa zalla.
2. Kawo al'adun jego uku, ka bayyana amfanin kowace ga mai shayarwa.
3. Me ya sa hutun wata shida na Jihar Kaduna bai shafi malamar makarantar kuɗi ba?
4. Rubuta wasiƙa zuwa ga kansilan mazaɓarku a kan buƙatar ɗakin raino a kasuwa ko makarantar unguwarku.